Ni Ban Ajiye Aiki Ba

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka tara mu a ɗakin yanka, aka ce an haɗe kamfaninmu na ɗinki da wani, sashenmu na duba kaya ya tashi. Sabon manaja ne ya yi bayani, sa'an ɗana na fari, yana ta "iyayena mata, iyayena mata." Rediyo, abokiyar teburina, ta raɗa min, "Malama, ashe mun haifi manaja ba mu sani ba." Na danne dariya. Sai a mota na ga almakashin kamfani a jakata. Hankalina bai kwanta ba.

Talata, 4 ga Maris
Na mayar. Maigadi ya yi ta min dariya.

Alhamis, 6 ga Maris
Manaja ya kira ni ni kaɗai. Wai hanya biyu ce. Ko su sallame ni in jira kuɗin sallama, ranar da Allah ya yi. Ko in sa hannu cewa ni na ajiye aiki, ɗan kwangila ya mayar da ni teburina, biyan kullum, babu sallama. "Mama, ke ce babba. In kin sa, sauran za su bi." Na ce zan yi shawara.

Asabar, 8 ga Maris
Na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na juya rigunan Maigida ciki waje ina bin ɗinkinsu da yatsa, har ya ce, "Baiwar Allah, rigar nan ta ci jarrabawa tun jiya, ki sake ta." Shi dai in karɓi aikin. Idonsa ya hana shi tuƙi, ga haya. Gaskiyarsa.
Abin da ban faɗa masa ba: kuɗin sallamar ma tsoronsa nake. A ba ni kuɗi ina zaune a gida, na wane aikin? Ni da ko maɓallin gida ban taɓa ɗinkewa da zaren kamfani ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na je wurin Yaya. Ya ce tun muna makarantar allo haka nake, in wanke allo in koma in duba ko wani harafi ya rage. Ya tambaye ni, da aka ɗauke ni, an faɗi sallama cikin sharaɗi? An faɗa. "To haƙƙinki ne, ba sadaka ba. In ma kin yafe naki, na sauran fa? Sun wakilta ki?"
Duk hanya tambayar nake juyawa, har na wuce inda zan sauka.

Talata, 11 ga Maris
Rediyo ta zo, ko zama ba ta yi ba. "Mu ba mu iya karatun takardarsu ba, Malama, fuskarki muke karantawa." Da ma ba ta faɗa ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Allah ya sani da niyyar sa hannu na fita, saboda hayar nan. Matan suna jere a baranda, na wuce ban kalli kowa ba. Manaja ya miƙo biro. Na ce ya karanta min tukuna, ba na sa hannu a abin da ban ji ba. Ya karanta da sauri: wai ni, da son raina, babu tilas, na ajiye aiki.
Hannuna ya ƙi.
Na ce, "Ɗana, ni ban ajiye ba. Ku kuka ce in tashi."
"Mama, ai rubutu ne kawai."
"Shi ne matsalar. Ƙarya ce, kuma sunana a ƙasa."
Ya ce to teburin sai a ba wata. Na ce ya gaya mata ta riƙa duba hammata, nan ɗinki ya fi warwarewa. Me ya kai ni faɗin haka, oho. Na fito. Biyu sun sa hannu, ban ga laifinsu ba, ɗaya marayu take riƙo. Sauran suka biyo ni har titi.

Juma'a, 14 ga Maris
Na gaya wa Maigida ban sa hannu ba. Ya rage abincinsa. Da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris
An ba wata teburina. Ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.
Mun je ofishin ƙwadago, ni da matan sashenmu da wata wakiliyar ƙungiyar ma'aikata. Ni rakiya na yi. Sai dai da jami'in ya ce wa zai yi bayani, duk suka juyo suna kallona. Na ɗan faɗi abin da ya faru. Ya ce kamfani za a kira, mu dawo. Babu ko alkawari.
Rediyo na ta baza wa mutane wai na buga tebur. Ban buga ba, hannu na ɗora.
Gobe matan sashen guga manaja zai kira. Sun roƙa in je in zauna kusa da su. Zama kawai zan yi, ba ruwana da magana. Sai dai in ya karanta da sauri, zan ce ya sake.