Kifin da Surayya Ta Bari

Wurno, Litinin

Ƙanena Halliru,

Sallama da gaisuwa. Ina iyali, ina ruwan Goronyo? Sabis ya ƙi, shi ya sa na ba Mainasara ɗan kabu-kabu takarda.

Ka tuna ɗan kifin nan shuɗi mai dogon wutsiya, wanda ɗiyata Surayya ta tsinto cikin gora a makarantarsu ta Sakkwato, wata ɗaliba ta yar da shi? Beta take ce mishi. Ran da za ta cika ta ce, "Inna, ki kula min da shi."

To, cikinshi ya kumbura, shina yawo a karkace saman ruwa. Wallahi ban yi mishi rowa ba. Ƙwayoyin abincinshi sau biyar a rana nake zuba mishi, har da ɗan tuwo. Kai masunci ne, mi zan yi? Hankalina ya tashi.

Yayarka,
Turai

Goronyo, Laraba

Yaya Turai,

Amin wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan Surayya.

Ni kamun kifi na iya, jinyarshi sai da na tambayi wani mai sayar da irinsu. Ya ce ƙoshi ne ya ɗaure mishi ciki. Haba Yaya, tuwo? Cikin abin nan bai fi ƙwayar idonshi ba!

Ki hana mishi abinci kwana uku cur. Ki sake rabin ruwan da mai tsabta, kada shi yi sanyi. Rana ta huɗu ƙwaya biyu kacal, jiƙaƙƙu. In kin ƙara mishi ko ɗis kafin nan, ina tsoron ba shi kaiwa.

Ki gaida Malam.
Halliru

Wurno, Asabar

Halliru,

Gaisuwa. Na ga saƙo, kuma na gwada.

Ranar farko na daure. Ta biyu na matsa kusa da kwalbar da shike ciki, sai ya taso da kyar shina buɗa min baki. Ba ka nan lokacin jinyar Surayya, ba ka gani ba. Kwana goma sha ɗaya ina bin yarinyar nan da ludayin kunu, ina roƙo, tana kau da kai. Yau ga mai buɗa baki gabana, ka ce in hana? Na zuba mishi. Na zauna na yi ta kuka, don na san cutarshi na yi. Cikin ya ƙaru.

Kada ka yi min faɗa, na yi wa kaina.

Turai

Wurno, Lahadi

Ƙanena,

Sallama. Ga Mainasara nan da kwalbar cikin kwando, na ce shi tafi sannu. Na san hannuna, in kifin ya kwana uku gidan nan ni zan kashe shi.

In ya tashi, ka aiko min in sani. Amma kada ka maido shi, ko na roƙe ka.

Allah shi bar zumunci.
Turai