Kariya a Bayan Keken Yaya

Yaya Bashiru,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Anti Hauwa da yara, yaya sanyin Jos? Nan Gwandu kowa lafiya, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi.

Tsohon kekenka mai giya, wanda ka ce in mayar maka da shi yadda ka saye shi, na gama gyaransa. Sai da na je Kalgo wajen wani malami ɗan Zuru mai tara tsofaffin kayan keke kafin na samo birki da sirdi irin na zamaninsa. Fenti ma ruwan toka na sa aka haɗa, irin na asali.

Na jingine shi a zaure na tafi aiki. Kafin in dawo, Baba ya kai shi wajen mai walda, an liƙa masa kariyar ɗaukar kaya ta rodi a baya, an shafe ta da jan fenti. Na ce, "Baba, ai keken hawan dutse ne." Ya ce, "Keken da ba ya ɗaukar buhu ai abin wasan yara ne."

Yanzu haka Baba yana hanyar Malisa a kansa da buhun albasa. Ka gaishe da kowa, ka sa ni a addu'a. Ni dai ba zan iya ce masa ya sauka ba. In ka zo, kai ka faɗa masa.

Ƙaninka,
Nasiru