Karsanar da Ta Sha Ruwa a Kwamin Dutse

Aberhelyg, 6 ga Mayu, 1974

Aminiyata Tegwen,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taki, ta bar ki kina barci? Matar fastonmu ce ke rubuta min, kin san ni da alƙalami ba mu taɓa haɗa hanya ba, tun ina 'yar shekara bakwai nake gindin saniya.

'Yan kwamitin bikin nunin gona sun zo. Wai bana bikin ya cika shekara ɗari, za su buga littafi. Na ba su labarin lokacin da filin bikin yake fadama, da shekarar da aka gina rumfar 'yan kallo, da lokacin yaƙi da soja suka kafa tanti a wurin. Sai sakataren ya karanta min shafin shekarar ƙuna, shekarar da aka ƙone shanun garin. An rubuta cewa ciwon baki da kofato daga gonar mijinki Idwal ya fito.

Tegwen, ba daga can ba ne.

Kin tuna karsanarmu ja? Safiyar nunin waccan shekarar na je wanke ta, na ga tana dalalar da miyau, ga bororo a dadashinta. Na kira mijina Gwilym. Ya ce, "Ke dai bakinki! Ƙaya ta ci. Shekara uku ina kiwon ta don jan ƙyallen da ake ba saniyar da ta zo ta ɗaya, yau za ki ce me?" Na goge mata baki da gefen rigata, na shafa mata kitse. Ni da hannuna na ja ta zuwa kwamin dutsen nan na bakin ƙofar fili, ta sha ruwa. Shanunku ne suka sha bayanta.

Mu muka yi shiru. Idwal kuwa da ya ga alama a garkensa, ranar ya tafi ya kai rahoto. Shi ke nan sunansa ya zama na farko a takarda. Namu aka harbe su cikin na maƙwabta, ba wanda ya duba bakinsu. Kin tuna yadda aka tara su a filin, kwana tara wuta na ci, warin har cikin burodi. Shekara uku ba a yi biki ba. A coci bencinku ku kaɗai, ba mai zama kusa da ku. Ni na riƙe ki ranar da aka tsamo gawar Idwal daga kogi, kuma ban ce komai ba.

Gwilym ya mutu da abin a cikinsa. Ni ba na so in mutu da shi. Ranar ashirin za a kai littafin wurin bugawa.

Ki gaida 'yarki Nesta da jikoki.

Taki,
Blodwen

Aberhelyg, 15 ga Mayu, 1974

Tegwen,

Ina gaisuwa, in kina amsawa. Da fatan jiki da sauƙi.

An karanta min takardarki, na sa an maimaita. Ashe Idwal ya gan ni ina goge bakin karsanar a bayan rumfa, ya ɗauka kwalliya nake mata, sai daga baya ya gane. Ashe ya hana ki faɗa, wai ina da tsohon ciki, garin nan zai cinye ni. Ashe duk Lahadin nan, kusan shekara hamsin kafin ki bar garin, da kike zuba min shayi kina cewa, "Ci mana, tsohuwar banza, waye zai cinye min?" jira kike in buɗe baki.

Kin ce ba ki yafe ba. Ban roƙa ba.

Na aika wa sakataren. Ya zo yana murmushi, ya ce, "Haba Kaka, tsufa ne, wa zai tono wannan ana shirin biki?" Wai sai dai in faɗa a gaban kwamiti, su duka goma sha biyu, a rumfar fili ranar Juma'a. Cikinsu har da ɗana Emrys, cikin da Idwal ya tausaya wa. Shi ne shugaba bana. Bai sani ba tukuna.

Zan je. Ƙafafuna ba sa kai ni, kuma ba zan ce Emrys ya tura kekena na marasa lafiya zuwa wurin ba. Motar safe tana isowa ƙarfe goma. Ki zo ki tura ni, Tegwen. Ba sai kin yi min magana ba. Ki tsaya a bayana dai, in muryata ta maƙale ki ce in ɗaga.

Ni ce,
Blodwen