Sawun Clifford a Bakin Famfo

Zuwa ga yayata Marjorie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki ƙarfin jiki, Ya sassauta miki sanyin Adelaide. Mu nan muna nan kalau. An yi ruwa sau biyu, Goggo Elsie kuma ta samu jika mace.

Yaya, maganar ƙaninmu Clifford ce ta sa na ɗauki biro. Kin ji ya faɗo daga kan tankin ruwa ya dira a kan dunduniya, ƙashin ya farfashe. A asibitin garin Alice ba su tsaga ƙafar ba. 'Yar ƙofa suka yi ƙasa da idon sawu, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba, suna kallon hoton ƙashin a allo suna jera shi, suka ɗaure da ƙusoshi. Wata uku bai taka ƙasa ba. Ranar da ya yar da sandunan dogarawa har tsiya na yi masa, na ce sarauta ta ƙare, sai a koma ɗebo mana itace.

Washegari da safe na tarar da Inna tsaye a bakin famfo, ta ƙura wa yashi ido. Ta yafito ni ta ce in duba. Kin san ni ba gwanar karanta sawu ba ce, amma wannan ko ni na gane shi: dunduniyar hagu mai faɗi, ta ɗan karkace waje, babban yatsa yana jan ƙasa. Sawun marigayi tsohonmu ne, wanda a al'adarmu ba ma kiran sunansa, wanda mu da hannunmu muka share takunsa da ganye bara bayan an binne shi. Daga ɗakin Clifford ya fito, ya je famfo, ya koma.

Nas ɗin garinmu ta ce ba wani abu ba ne, ƙashi in ya haɗe yakan sauya wa mutum taku. Inna ta ce ita nas ɗin ta leƙa ciki ne? Ta ce da sun buɗe ƙafar kowa ya gani, da sauƙi, amma ƙofar da ido bai shiga ba, wa ya san abin da ya bi ta nan? Yanzu Inna ba ta kallon fuskar Clifford, ba ta kiran sunansa, abincinsa ma ni take ba in miƙa masa. Jiya da rana tsaka na hango shi yana tafiya da baya, reshe a hannu, yana share sawun kansa. Na shiga ɗaki na yi kuka. Tausayinsa nake ji, amma ba zan ɓoye miki ba, ni ma in na ji takunsa a bayana ba na iya waiwayawa.

Ki gaida maigidanki Rodney da Kawu Cedric da 'yan biyunki. Roƙona ɗaya ne, ki gyara wa Clifford ɗaki, zan sa shi a motar Alhamis. Ya ce in tambaye ki ko da gaske ne unguwarku duk siminti ce, babu inda ƙafa ke barin alama.

Taki ƙanwa,
Lorna