Jinin mutanen Kashin Zama

Yaya Sani, assalamu alaikum, daga ƙaninka Bello.

Wata goma sha huɗu ke nan rabona da gida. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da iyali duka. Ya aikin albasa?

Ka tuna jinin da likitocin jami'armu sunka ɗiba a Kashin Zama da Maiyama don binciken ciwon ƙoda, wanda ka bi gida-gida kana lallashin mutane su bayar? To, ya lalace. Ranar Asabar anka kwashe man janaretan ɗakin gwajinmu, anka kai zauren walimar wani babba. Firij ya kwana biyu ba wuta. Da na buɗe shi ran Litinin, wari ya koro ni waje.

Likitar da nake aiki ƙarƙashinta ba ta da laifi, ita ma ta aike ni sayen ƙanƙara don kwalaben jinin can ƙasan firij da ba su narke ba. Yanzu wai a koma a sake ɗiba, kuma kai za su nema. Kada ka amsa sai ka gaya wa mutane gaskiya.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida Kawu na Jega. Cikin kwalba ɗari biyu, talatin da ɗaya na tsirar.