Ban Kalla Ba, Mubarika, Sai Kin Dawo

Zuwa ga Mubarika 'yar Baba Seidu, sanyin idona, iskar teku mai hawowa unguwarmu Nima bayan la'asar, ruwan kwakwata a tsakar ranar kasuwar Makola, hasken da ba ya bin dokar masu ɗauke wuta,

Sallama irin ta addini a gare ki, da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda. Ina fata kina lafiya a Kumasi, ke da yayarki mai jego da ɗan baƙonmu. Ki shafa mini kansa, amma ki raɗa masa a kunne cewa ya riƙe mini ke da yawa. Yana da uwa, yana da kaka, ni kuwa wa nake da shi?

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon saƙon waya. Wayata ta zama abokiyar gabata, tsoron buɗe ta nake yi, kuma ke ce sanadi. Kin tuna ranar da na raka ki tasha? Mota ta fara motsi, kika leƙo ta taga, mayafinki na neman zamewa, kika sa ni alkawarin ba zan kalli sabon zangon shirin talabijin ɗin nan Masu Gyaran Rana ba sai kin dawo mun kalla tare. Na amsa da sauri, har ina dariya. Wayyo, tauraruwata! Da na san abin da na ɗora wa kaina, da na roƙi sassauci tun motar ba ta kai kwana ba.

Ai kin san matsayin shirin nan a wurinmu. Tun ba a haife mu ba tsohon jirgin nan yake yawo tsakanin taurari, ma'aikatansa suna neman ranar da ta kusa mutuwa su hura mata wuta don kada wata duniya ta daskare. Sunansa na Turanci ya yi wa tsofaffinmu nauyi a baki, suka raɗa masa na Hausa. Kyaftin ya zama Baba Furfura, mutum-mutumin ƙarfen da ke dafa musu abinci ya zama Tukunya saboda siffar kansa. A gabansu muka girma, kuma a gabansu na fara ganinki.

Wata Asabar ce ta damina, a shagon askin Wasiu da ke Kawukudi. Ruwa ya koro ki kika fake a bakin ƙofa, da ledar kubewa a hannu, daidai lokacin da Baba Furfura ya maƙale a wajen jirgi iskarsa na ƙarewa. Sai aka ɗauke wuta. Maza suka yi ta salati kamar an yi rasuwa. Ke kuwa, daga bakin ƙofa, ba tare da an tambaye ki ba, kika ce kowa ya kwantar da hankalinsa, Tukunya ne zai fita ya ɗauko shi, tunda shi ba ya numfashi. Muka yi miki dariya, ni na fi kowa. Da aka maimaita shirin washegari, sai ga Tukunya ya fito da ludayinsa a hannu! Ni kuwa tun daga ranar nake maƙale a waje, iskata na ƙarewa, ina jiran mai ledar kubewa ta fito ta ɗauko ni.

To, bari in ba ki labarin gida, gwargwadon abin da kunnena ya kasa tserewa. Abin da muka gani tare a talla duk ya tabbata: Baba Furfura ya ajiye aiki, yarinyar nan da aka haifa a cikin jirgi tun muna firamare ta girma ta zama kyaftin, an yi wa jirgin sabon fenti, an kuma canza kiɗan buɗewa. Mubarika, Nima ta rabu biyu! Shagon Wasiu yanzu benci biyu ne, 'yan tsoho a dama, 'yan sabo a hagu, shi kuma yana tsakiya da injin aski yana rantsuwar ba zai sake kunna tashar ba, amma kowace Asabar shi ke fara neman rimot. Ran nan gardama ta yi zafi har ya bar wani direba da rabin kai a aske, mutumin ya zauna yana jira, can shi ma ya manta da kansa ya miƙe ya shiga musun da tawul a wuya.

Kiɗan ya fi komai yi musu ciwo. 'Yan tsoho duk sun mayar da tsohon kiɗan ƙarar wayarsu, yanzu idan waya ɗaya ta yi kuka a motar haya ta trotro sai ki ga mutum biyar suna laluben aljihu. Sun ce sabon ya yi kama da tallar sabulu. Yara kuma sun ce na da barci yake sa su, kuma Baba Furfura sai ya yi wa'azin rabin sa'a kafin ya danna maɓalli ɗaya. Hajiya Awabu mai koko tana ɓangarenki, na 'yan sabo, wanda kika zaɓa tun daga talla. Ta ce ta gaji da ganin mata suna miƙa wa kyaftin shayi, yanzu ga tata ta zauna a kujera, kuma duk wanda ya zagi yarinyar a gaban tukunyarta, ƙosai mai sanyi zai ci. Kin ga manyan 'yan tsoho da safe, suna layi shiru kamar ɗalibai, sai sun karɓi ƙosansu sun tsallaka kwata sannan bakinsu ya buɗe.

Ni fa? Ni ne abin tausayin unguwa. Wa ya taɓa ganin mai ɗaura farantin talabijin yana gudun talabijin? Duk gidan da na hau kwano na ɗaura, da na sauko sai mai gida ya ce a gwada masa da tashar nan. Na koyi saita hoto da bayana a juye, ina tambayar yara ko ya fito sarai. Na fice daga zauren hirarmu na waya. A masallaci, ana sallamewa nake ɗaukar takalmina. Duk da haka akwai abin da ya faru da Tukunya, na san akwai, domin duk wanda ya ambaci sunansa sai ya dube ni ya yi shiru, wasu da murmushi, wasu kamar za su yi mini ta'aziyya. Ban sani ba, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Amma kin san me ya fi wannan wuya, ya farin watana? Ba shirin nake kewa ba. Kewar yadda kike cije gefen mayafinki nake yi idan jirgi ya shiga haɗari. Kewar yadda kike yi wa mutanen cikin akwati faɗa, kamar ƙannenki ne da suka ƙi jin magana. Da magariba, idan jemagun nan suka taso daga bishiyoyin bakin titi suka rufe sama, kowa da abokin tafiyarsa, sai in tsaya a kan kwanon mutane da sukurdireba a hannu ina kallon arewa. Shin iskar Kumasi ta san darajar fuskar da take shafawa? Shin ruwan da ke sauka a can ya san a kan wa yake sauka? Ke ce inuwar darbejiyata, ke ce mangwaron farkon shekara, ke ce ƙamshin ƙasa idan hadari ya sauke kayansa. Ba ke, Accra duk hayaniya ce kawai da zafi!

Yanzu ki gyara zama, ga babban labarin.

Shekaranjiya Babanki ya aiko a kira ni zuwa gidanku a Maamobi, wai farantinsa ya daina kamawa. Kin san mahaifinki, tsohon ɗan sanda, shugaban 'yan tsoho na duk unguwa, mutumin da ya ce a bainar jama'a duk mai son sabon zango ba shi da tarbiyya. Kin kuma san na daɗe ina neman bakin da zan roƙe shi izinin turo magabatana, kullum in na gan shi sai in gaishe shi in wuce. Na je. Ya ce labarai kawai yake so ya riƙa gani. Mama tana tsinkar alayyafo a tsakar gida, ta dube ni ta kanne ido ɗaya. Na hau na gyara, na sauko na kunna, sai ga akwatin a kan tashar nan, ba a kan ta labarai ba. Na juya baya da sauri kamar na ga abin da bai halatta ba.

Baba ya lura. Ya sa aka kashe, ya nuna mini tabarma, ya tambaye ni da muryar nan tasa ta ofis, wai ni a wane ɓangare nake. In na ce tsoho, na ci amanarki. In na ce sabo, na rufe wa kaina ƙofar gidanku. Sai na faɗa masa gaskiya: ban ga ko minti ɗaya ba, domin na yi miki alkawari a tasha. Ya tambaya ko ke kina da hanyar sanin na kalla ko ban kalla ba. Na ce babu. Ya tambaya ko ban ji abin da ya sami Tukunya ba. Na ce ban ji ba, kuma ina roƙonsa kada ya faɗa.

Sai Baba ya juya wajen Mama ya ce, "Yaron da ya riƙe wannan alkawari a cikin Nima zai riƙe mini 'ya." Sannan ya ce da ni, "Ka gaya wa kawunnanka ina gida ranar Juma'a bayan masallaci."

Sai godiya nake ta jerowa har da wadda ba ta da ma'ana. Mama ta saki guɗa 'yar ƙarama ta rufe baki. Shi kuwa da ya ga na rikice, sai mugunta ta motsa masa, ya gyara murya ya fara cewa ai shi abin da ya ba shi haushi game da Tukunya shi ne... Ban tsaya ba! Na toshe kunnuwana da yatsu na fita a guje, na bar takalmi ɗaya a ƙofar surukina tun bai zama surukina ba. Ina jiyo dariyarsa har bakin titi.

Don haka ki dawo, ya numfashina. Ki roƙi yayarki ta sake ki, ko da aron 'yan kwanaki ne. Kawunnaina sun riga sun aika Zongo Lane a zaɓo goro mafi kyau, ni kuma an ba da ɗinkin sabuwar riga. Ina so ki kasance a bayan labule ranar Juma'a kina jin yadda muryata za ta yi rawa. Ranar Asabar kuma mu zauna a falon Baba, a gaban kowa, mu fara daga kashi na farko, shi yana gunaguni a kujerarsa kamar bai riga ya kalla ba.

Ba zan yi miki alkawarin son sabuwar kyaftin ba. Wataƙila in so ta, wataƙila in koma bencin dama. In hakan ta faru zan faɗa miki a fuskarki, ki yi mini kaca-kaca da hujjoji, in sha kaye, mu tashi mu ci tuwo. Abin da na yi alkawari shi ne ba zan taɓa yin wannan musun da wata ba. Da ke nake so in yi shi, bana da baɗi, har ranar da jikokinmu za su ce mu yi shiru su ji abin da ake faɗa.

Naki jiya, naki yau, naki muddin ana kiran salla a Nima,

Abdul-Majeed