Na Ce wa Taubashina Wasa Ne

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma mai niyyar zagina ya daure ya bari in kai ƙarshe.

Ni likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ne, kuma ba yabon kai ba, daga Filinge har Sanam babu hannu irin nawa. Na yi shekaru ina cire haƙora, sai da furfura ta fara leƙowa na tafi waje na ƙaro karatu. Tun da na dawo, wanda jaki ya harba, wanda babur ya kayar, wanda ya yi hamma bakinsa ya ƙi rufuwa, duk wurina ake kawo su, ina gyara mutum yana dariya. Akwai tsohon da na ɗaure wa muƙamuƙi, da ya warke ƙashin raƙumi ya tauna. To, wataƙila na akuya ne.

Amma a can inda na yi karatu, mu yanka ne namu. In labari mara daɗi ne, farfesa ke shiga ɗaki ya rufe ƙofa, mu muna waje muna shan shayi. Marasa lafiyar ma ban san uwar kowa ba. A nan kuwa, duk bakin da na leƙa na san gidan da yake cin tuwo.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, bari in kira shi Arzika. Dillalin shanu ne, da harshensa yake ciyar da gidansa. Kun san tsakanin taubasai, tun muna yara ba mu taɓa yin maganar hankali ba. Shi yana ce mini wanzamin gwamnati, ni ina ce masa bawana. Ranar aurena shi ya bi jama'a yana rantsuwa amarya ba ta gani sosai, shi ya sa ta yarda.

Farkon damina ya faɗo mini asibiti ko sallama babu. “Wanzami, taho ka gwada karatun naka. Wani ɗan ƙurji na ga halshe, shina hana ni taba.” Tun muna samari yake dasa garin taba da kanwa a baki. Na sa yatsa na taɓa gefen harshen, na ji shi da tauri kamar tsakuwa, ga kaluluwa a ƙarƙashin haɓa. Nan take na zargi mugun abu, amma bakina yana ta zuba, wai Allah ne ya kama harshen da ya cuci Fulani. Na yanki ɗan nama na aika Yamai. Wani abokin karatuna da ke aiki a can ya bugo mini waya: ciwon daji ne, a turo shi maza, kuma sai an yanke wani sashe na harshen.

Da ya dawo na rufe ƙofa yadda farfesa ke yi. Na ce, “Arzika, abin nan kisa yake yi.” Ya fashe da dariya har yana dukan tebur. “Ka daɗe kana son in mutu ka gaji rigata ta sallah!” Ni ma, Allah ya yafe mini, na taya shi. Sai ya tsaya. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Wasa ko gaskiya? In gaskiya ta, gobe in hau motar Yamai. In wasa na, bar ni da gonata, ga noma ya taso.”

Jama'a, na ga tsoro a idon mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoro ba. Ta yaya zan ce wa dillali za a yanke masa harshe? Da wace murya, ni da ba ni da wata murya a gabansa sai ta shaƙiyanci? Na ji bakina ya ce, “Wasa mana, bawana. Wannan harshen ko gatari ba ya cinsa.” Na ba shi maganin kurkure baki. Ya fita yana tsokanar masu jira.

Na ce a raina gobe zan bi shi gida in faɗa masa gaskiya. Goben ta zama ranar kasuwa, ranar kasuwa ta zama bayan noma. Yanzu ga shi an yanke hatsi har an ɗaure. Tuwo ya gagare shi, sai fura. A kasuwar Damana wani ke faɗin ciniki a madadinsa, shi yana gyaɗa kai. Gwaggo kuwa duk inda ta gan ni sai ta kama hannuna tana sa mini albarka, wai na kwantar mata da hankali. In na faɗa yanzu, dole in faɗa cewa tun damina na sani, kuma watannin da na cinye masa su ne wataƙila tsakaninsa da warkewa. In na yi shiru, kashe shi nake yi. In tura shi Yamai da wata dabara, su faɗa masa can? In fara da gwaggo? Ko in durƙusa gabansa kawai?

Jiya ya zo, ya rame, rawani ya rufe masa haɓa. Maganar ba ta fita sosai, sai da ya maimaita na gane. Yana murmushi ya ce, “Wanzami, duk karatun ga, ɗan ƙurji guda ya gagare ka?”

Me zan yi?